Bakin fili ko gaban kyamara: hanyoyi huɗu da ke gaban kocin da ya yi suna, daga John Madden zuwa yau

Koci ya ɗauki kofi, jiki ya fara ba shi labari, iyali sun gaji da ganin bayansa, sai ga gidan talabijin ya aiko da tayi. A gasar NFL ta Amurka, wato ƙwallon zari-rugar nan da ake sa kwalkwali, kusan duk kocin da ya yi suna sai ya iso wannan mararraba. Sunan da ake fara kawowa shi ne John Madden, wanda ya ajiye horarwa yana da shekara 42, ya yi shekara 30 yana sharhi, har 'yan baya da yawa ba su san ya taɓa riƙe ƙungiya ba. Sai dai wanda ya yanke shawara da labarin Madden kaɗai zai iya zaɓar abin da ba nasa ba, domin wasu sun shiga talabijin ta wata ƙofar daban, wasu kuma sun leƙa sun koma fili. Kuɗin da zan ambata na Amurka ne, amma tambayar ɗaya ce ga duk mai horarwa da aka miƙo wa makirufo.

Abin da za a auna da shi

Na farko kuɗi, kuma ba albashin shekara guda kaɗai ba, har da yawan shekarun da zai ci gaba da shigowa. Na biyu ɗorewa: wa ke da ikon tashe ka daga kujerar, kuma me zai sa ya yi hakan? Na uku sauƙi, wanda ya haɗa nauyin aikin a jiki da wahalar koyonsa. Na huɗu haɗari ga lafiya da mutunci. Akwai na biyar da ba a rubuta shi a kwantiragi, wato ƙishirwar gasa, son a tashi wasa a ce kai ne ka ci. A ganina wannan na biyar shi ya yanke wa mafi yawan mutanen da za mu gani hukunci, ko da sun ce kuɗi ne ko iyali.

Hanya ta farko: zama a bakin fili

Ƙungiyoyi 32 ne a NFL, saboda haka kujerun babban koci 32 ne kacal. Ƙa'idar da ta iyakance abin da ƙungiya za ta kashe kan 'yan wasa ba ta shafi koci ba, mai ƙungiya na iya biyan abin da ya ga dama, kuma rahotanni na sa albashin 'yan sahun gaba kusa da dala miliyan 20 a shekara. Galibi ko an kore ka sai an biya ka ragowar kwantiraginka. A 2020 Carolina Panthers ta ɗauki Matt Rhule kan yarjejeniyar da aka ruwaito ta kai dala miliyan 62 na shekara 7, ta sallame shi a watan Oktoban 2022, wasa biyar da fara kakarsa ta uku. Ta fuskar aljihu dai bai tashi a tutar babu ba.

Ɗorewa ce babu. Ranar Litinin da ke biye da wasan ƙarshe na kaka ana kiranta Baƙar Litinin, saboda a ranar ake yawan raba takardun sallama. Nasara ma ba ta zama garkuwa ba. Marty Schottenheimer ya ci wasa 14 cikin 16 da San Diego Chargers a 2006, aka fitar da su a wasan farko na zagayen sili-ɗaya-ƙwale, ga kuma rashin jituwa tsakaninsa da babban manajan ƙungiyar, watan Fabrairun 2007 bai ƙare ba ya rasa aikin. Tom Landry ya yi shekara 29 a Dallas Cowboys, Jerry Jones na sayen ƙungiyar a 1989 ya sallame shi. Akwai masu dogon zama, irin su Andy Reid da ke Kansas City tun 2013 ya kuma ɗauki Super Bowl, wato kofin wasan ƙarshe na gasar, sau uku, ko ƙungiyar Pittsburgh Steelers da ta yi sama da shekara 50 tun daga 1969 da koci uku kawai. Amma saboda ƙarancinsu ne ake ba da labarinsu.

Aikin kansa ba sai ka koya ba, ka riga ka iya. Jiki ne ke biyan kuɗin. Joe Gibbs na Washington ya yi suna da kwana a ofis a tsakiyar mako. A farkon Nuwamban 2013, cikin 'yan kwanaki, Gary Kubiak na Houston ya yanke jiki ya faɗi a fili ana shirin tafiya hutun rabin lokaci, John Fox na Denver kuma aka kwantar da shi aka yi masa tiyatar zuciya. Kubiak ya warke har ya ɗauki Super Bowl da Denver a Fabrairun 2016, shekara guda bayan nan ya sauka saboda lafiya.

Ƙishirwar gasa kuwa, nan kaɗai ake kashe ta.

Hanya ta biyu: sharhi kai-tsaye daga filin wasa

Wannan ita ce hanyar Madden, kuma ya kamata a tsaya a kanta sosai, domin ita aka fi yi wa gurguwar fahimta.

An ba shi Oakland Raiders a 1969 yana da shekara 32. A kaka goma ya ci wasa 103, aka ci shi 32, aka yi canjaras 7, bai taɓa ƙare kaka da rashin nasara fiye da nasara ba. A Janairun 1977 ya ɗauki Super Bowl bayan doke Minnesota Vikings 32 da 14. Kakarsa ta ƙarshe ta fara da abin tausayi: a wasan share fage na watan Agustan 1978, ɗan wasan New England Darryl Stingley ya yi karo da ɗan bayan Raiders, jikinsa ya shanye har ƙarshen rayuwarsa. Madden, kocin abokan hamayya, shi ya riƙa zirga-zirga zuwa asibiti yana duba shi. Da kakar ta ƙare ya sauka, ya ce gyambon ciki da gajiya sun ci ƙarfinsa, kuma ba zai sake horarwa ba. Bai sake ba.

Ya shiga gidan talabijin na CBS a 1979 yana sharhin ƙananan wasanni. Sai a 1981 aka haɗa shi da Pat Summerall, mai taƙaita magana, aka samu wanda zai faɗi abin da ya faru cikin kalma huɗu da wanda zai bayyana dalilin faruwarsa. Daga nan ya yi Fox a 1994, ABC a 2002, NBC a 2006, wato duka manyan gidajen huɗu. Ya karɓi lambar yabo ta Emmy sau 16.

Me ya bambanta shi? Malami ne tun asali, koyarwa ya karanta. Da rauni a gwiwa ya hana shi buga wa Philadelphia Eagles wasa bayan ta zaɓe shi a 1958, sai ya riƙa zama kusa da Norm Van Brocklin, mai jefa ƙwallon ƙungiyar, yana kallon faifan wasanni, yana jin yadda gwani ke karanta fili. Abin da ya kawo wa talabijin ke nan. Idon mai kallo yana bin ƙwallo, alhali mutum 22 ne a fili. Madden sai ya sa a maimaita hoton, ya ɗauki alƙalamin da ke zane a kan allon talabijin, ya kewaye wani ƙato a layin gaba da babu wanda ya lura da shi, ya ja kibiya ya nuna yadda ya ture mutum biyu ya buɗe hanya, sannan ya buga "bum!" da bakinsa daidai inda jiki ya haɗu da jiki. Shi ma a layin gaba ya yi wasa, ya san mutanen da ake mantawa da su. Ko wasan kwamfuta na kamfanin EA da ke ɗauke da sunansa, wanda ya fara fitowa a 1988, ya ƙi yarda a fitar da shi sai da 'yan wasa 11 a kowane ɓangare, duk da cewa kwamfutocin lokacin da ƙyar suke ɗauka.

Kuɗi: a saman wannan hanya akwai kuɗi ƙwarai. An ruwaito Fox ta ba Madden kusan dala miliyan 8 a shekara a 1994, fiye da albashin kowane ɗan wasa a lokacin. Yanzu abin ya wuce nan, yarjejeniyar Tom Brady da Fox an sa ta dala miliyan 375 na shekara 10. To amma a duba su wa ke kan kujerun. A kakar 2024, Tony Romo ne a CBS, Brady a Fox, Troy Aikman a ESPN, Cris Collinsworth a NBC, Kirk Herbstreit a Amazon. Duka biyar tsofaffin 'yan wasa ne, huɗu daga ciki masu jefa ƙwallo, babu koci ko ɗaya. Kocin da ya shigo yau, mai yiwuwa daga rukuni na uku ko na huɗu zai fara, inda albashin bai ko kama ƙafar na bakin fili ba. Wannan ita ce gaskiyar da labarin Madden ke rufe wa mutane.

Ɗorewa: babu allon maki da zai kore ka ranar Litinin, amma akwai abu biyu. Gidan da kake wa aiki na iya rasa izinin nuna wasannin, kamar yadda ya faru a ƙarshen 1993 da Fox ta zuba kusan dala biliyan 1.6 ta ƙwace rabon CBS. Madden ya tsira domin kowa na nemansa. Sannan babban suna na iya ture ka ko da kana aikinka da kyau. Greg Olsen ya samu yabo sosai a kujerar farko ta Fox, Brady na isowa aka mayar da shi ta biyu.

Sauƙi: duk wanda ya ɗauka hutu ne bai san aikin ba. Za ka kalli faifan ƙungiyoyin biyu cikin mako, ka isa garin kwana biyu kafin wasa, ka kalli atisaye, ka zauna da kociyoyi da 'yan wasa. Ranar wasa kuma agogo na ba ƙungiya daƙiƙa 40 tsakanin wani kamu da na gaba, abokin aikinka ya ci wasu, mai shirya shiri na magana a kunnenka, abin da ya rage maka bai fi na jimla biyu ko uku ba, kuma haka za a yi ta yi har awa uku. Kocin da ya saba tsare 'yan wasa awa guda a ɗakin taro dole ya koyi yanke magana. Jason Witten, duk da shahararsa a matsayin ɗan wasa, shekara guda ya yi a ESPN a 2018, ya sha suka, ya koma wasa. Ga tafiya kowane mako. Madden ba ya iya zama a rufe cikin jirgin sama, ya daina hawa tun 1979, da jirgin ƙasa ya fara, daga 1987 kuma ya koma wata bas da aka gyara masa da gado da allon kallon faifai, yana ratsa Amurka daga wannan gaɓa zuwa waccan cikin kwana biyu ko fiye.

Haɗari: za ka faɗi laifin abokanka da tsofaffin yaranka a gaban miliyoyin mutane, kai-tsaye, babu damar gyara.

Hanya ta uku: teburin sutudiyo

Nan ne mafi yawan kociyoyin da suka daɗe a talabijin suka zauna. Mutum huɗu ko biyar a tebur, kafin wasa, lokacin hutun rabin lokaci, da bayan an tashi. Bill Cowher ya yi kaka 15 a Pittsburgh, ya ɗauki Super Bowl a Fabrairun 2006, ya sauka a Janairun 2007 yana da shekara 49, ya shiga CBS. An yi ta raɗe-raɗin zai koma fili shekara bayan shekara, bai koma ba. Tony Dungy, baƙar fata na farko da ya ɗauki Super Bowl a matsayin babban koci, da Indianapolis Colts a Fabrairun 2007, ya sauka a 2009 ya shiga NBC, ya yi sama da shekara 15 a can. Jimmy Johnson, tsohon kocin Dallas, ya haɗa kusan shekara 25 a Fox kafin ya yi ritaya a watan Maris na 2025 yana da shekara 81.

Kuɗin bai kai na bakin fili ba, bai kuma kai na babbar kujerar sharhi ba, amma yana shigowa shekara da shekaru, kuma aikin daga Satumba ne zuwa farkon Fabrairu. Gari ɗaya za ka riƙa zuwa, kwana ɗaya ko biyu a mako. Lokacin da yake Fox, Johnson na zaune a tsibiran Florida yana kamun kifinsa, ƙarshen mako ya tafi Los Angeles. Koyonsa ya fi sauƙi, domin ka san batun da za a tambaye ka tun kafin a kunna kyamara, kuma in ka yi tuntuɓe akwai wanda zai karɓe. Haɗarinsa kaɗan ne, sai dai gidajen na sauya fuskoki in sun ga dama, kamar yadda CBS ta rabu da Phil Simms da Boomer Esiason a 2024 ta bar Cowher.

Abin da za ka rasa shi ne zurfi. Duk ilimin da ka tara cikin shekara 30 za a ba ka rabin minti ka faɗe shi tsakanin raha da talla. Wanda koyarwa ke ransa zai ji ƙunci a nan.

Hanya ta huɗu: talabijin a matsayin zango

Ka sauka, ka huta a gaban kyamara, sunanka na yawo, ka jira kujerar da ta dace. Ta yi wa wasu rana. Dick Vermeil ya bar Philadelphia bayan kakar 1982 saboda gajiya, ya yi shekara 14 yana sharhi, ya dawo ya karɓi St. Louis Rams a 1997. Kaka biyun farko ya ci wasa 9 kacal cikin 32, ta uku ya ɗauki Super Bowl a Janairun 2000. Bruce Arians shekara guda ya yi a CBS a 2018, ya koma Tampa Bay, ya ɗauki kofin a Fabrairun 2021 yana da shekara 68. Sean Payton ya yi kakar 2022 a Fox, Denver ta ɗauke shi a 2023, har sai da ta ba tsohuwar ƙungiyarsa New Orleans damar zaɓen zagayen farko na sababbin 'yan wasa saboda kwantiraginsa da su bai ƙare ba.

Ta fuskar kuɗi, zango na iya ɗaga farashinka. Jon Gruden, wanda ya ɗauki Super Bowl da Tampa Bay a Janairun 2003 aka kuma kore shi a 2009, ya yi kaka tara yana sharhin wasan daren Litinin a ESPN, ya koma Raiders a 2018 kan yarjejeniyar da aka ruwaito ta kai dala miliyan 100 na shekara 10. Amma ya ci wasa 22 aka ci shi 31, ya kuma yi murabus a Oktoban 2021 bayan an bankaɗo saƙonnin imel masu kalaman wariyar launin fata da cin mutuncin mata da wasu rukunin mutane, waɗanda ya rubuta a shekarun da yake talabijin. Urban Meyer, wanda ya ɗauki kofin gasar jami'o'i sau uku, ya bar Fox ya karɓi Jacksonville a 2021, wasa 13 ya yi, ya ci 2, aka sallame shi. Shi kansa Jimmy Johnson, bayan Super Bowl biyu a jere da Dallas da shekara biyu a Fox, ya koma Miami Dolphins a 1996, wasansa na ƙarshe a Janairun 2000 an lallasa su 62 da 7.

Akwai wata illa da ba ta fitowa a alƙaluma, kuma ita ta fi damuna a matsayina na mai kallo. Wanda ke jiran kiran wani mai ƙungiya ba zai faɗi laifinsa ba. Sharhinsa sai ya koma yabo zalla, kowane ɗan wasa gwani, kowane koci mai basira. Mai kallo na ganewa. An bi zomo biyu ke nan, kuma in kujerar ba ta zo ba, ka ɓata shekarun da za ka gina suna a sabuwar sana'ar.

A taƙaice a tebur

| Ma'auni | Bakin fili | Sharhi kai-tsaye | Sutudiyo | Zango |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Mai yawa, ana biyan ragowa in an kore ka | Mai yawa a kujera biyar na sama, matsakaici a ƙasa | Matsakaici, na dogon lokaci | Kaɗan yanzu, yana iya ninkuwa in an dawo |
| Ɗorewa | Kaka ɗaya na iya rusa ta | Shekaru, in kai ake nema | Ta fi kowacce | Ba a nemanta |
| Sauƙi | Ka iya aikin, jiki ke wahala | Sabuwar sana'a ce, ga tafiya duk mako | Mafi sauƙi | Rabin hankali nan, rabi can |
| Haɗari | Lafiya da iyali | Kuskure kai-tsaye, ɓata wa abokai rai | Kaɗan | Komawa a zubar da suna |
| Ƙishirwar gasa | Tana kwanciya | Ba ta kwanciya, amma kana jin ƙamshin fili | Ba ta kwanciya ko kusa | An ɗage ta ne kawai |

Wace ce taka?

In har yanzu rashin nasara na hana ka barci kuma nasara na faranta maka rai, likita bai yi maka kashedi ba, gida kuma sun yarda, to zauna a bakin fili. Babu kujerar talabijin da za ta ba ka abin da kake nema, kuma za ka ƙare kana kishin mutanen da kake sharhi a kansu.

In nasara ta daina yi maka daɗi, sai dai ka ji sauƙin cewa ba a ci ka ba, amma har yanzu kana son zama gaban faifai ka gano dalilin da ya sa wani shiri ya ci, kana kuma jin daɗin bayyana shi ga wanda bai sani ba, to sharhi kai-tsaye ne naka. Da sharaɗi biyu: ka yarda ka fara daga ƙananan wasanni kamar yadda Madden ya yi shekara biyu kafin a haɗa shi da Summerall, kuma ka rufe ƙofar komawa da gaske, domin ita ke ba ka bakin faɗin gaskiya.

In abin da ya fitar da kai daga fili iyali ne ko lafiya, kana son ka kwana a gidanka dare biyar ko shida a mako, kuma sunanka ya riga ya kafu, ɗauki teburin sutudiyo. Cowher da Dungy sun bar fili da ƙarfinsu, kuma babu wanda ya koma cikinsu.

In korarka aka yi, ko ka sauka don saɓani da mai ƙungiya ba don ka gaji da aikin ba, to zango ya dace da kai, amma ka sa masa wa'adi, shekara ɗaya ko biyu irin na Arians da Payton. Ka gaya wa gidan talabijin niyyarka tun farko, ka sa a rubuta a kwantiragi cewa za ka iya tafiya in kujera ta samu, sannan kafin ka amsa kiran kowace ƙungiya ka duba wa ke jefa mata ƙwallo da kuma wa ke da ikon zaɓen 'yan wasa, kai ko manaja.